Ranar da Aka Kawo Mana Naman Suna

A sashen da nake aiki ba kasafai ake shigowa da dariya ba. Sashen masu ciwon daji ne, ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce a cikinsa tun ina sabuwar hannu. Na saba da mai shigowa a sanyaye, takardar gwaji a hannu, yana juya ta gaba da baya ko zai ga abin da likita bai faɗa masa ba. Shi ya sa wata ranar Talata da na ji an rangaɗa sallama tun daga bakin baranda, ana cewa, "Ina Sista take? A fito a yi mini barka!" sai na ajiye tiren allurai na leƙo.

Hajiya ce. Ta ba ni izinin ba da labarinta, har cewa ta yi in haɗa da sunan layinsu, amma ni zan tsaya a Hajiya kawai. Ranar ba ranar ganin likitanta ba ce. Ta zo da kula cike da soyayyen naman suna, da ledar alewa, da goron masu gadi da masu shara. 'Yarta ta fari ce ta sauka lafiya, an samu mace, shekaranjiya aka yi suna, kuma ita aka yi wa takwara.

"Sista, na yi kishiya," in ji ta. "Ki gan ta jawur, ko ido ba ta gama buɗewa ba, amma Alhaji ya daina kallona."

Na ce, "To ai sai ki dage da kwalliya, Hajiya."

Muka yi ta dariya har matan da ke layin jiran ƙarin ruwa suka ɗago suna kallonmu. Ni kaɗai na san abin da ya sa idona ya kawo ruwa. Shekara 12 ke nan da na fara ganin matar nan a kan wannan bencin da suke zaune, tana da shekara 35, da goyon yaro da bai kai shekara ɗaya da rabi ba, ga wata yarinya 'yar shekara 12 tana riƙe mata da jaka. Yarinyar ce yau take jego.

Ƙululu ta ji a mamanta na hagu, girmansa kamar goro, ba ciwo ba zafi. Da yake tana shayarwa, kowa ya ce nono ne ya kwanta. Aka yi ta gasa wurin da ruwan ɗumi, aka shafa na shafawa, aka sha na sha. Wata uku abin bai gusa ba. Wata ungozoma ce a ƙaramin asibitin unguwarsu ta taɓa, ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a wuce babban asibiti. Ban taɓa ganin wannan baiwar Allah ba, amma na sha yi mata addu'a. Aka yi sikanin, aka sa allura aka gutsuro ɗan nama aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito: sankarar mama, mataki na biyu. Likita ya ce za a cire maman gaba ɗaya tare da kaluluwar hammata.

Nan fa gida ya rikice. Surukarta ta ce sam, ai kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, ranar da wuƙa ko allura ta taɓa shi ranar yake haukacewa. Ta kawo misalin mata biyu a danginsu da aka yi wa aiki a asibiti, ko shekara ba su rufa ba. Ban ga laifin tsohuwar ba, domin abin da ta gani ta faɗa. Abin da ba ta sani ba shi ne a wane hali aka kai matan nan biyu. Mafi yawan matan da ke zuwa mana ciwon ya riga ya kai mataki na uku ko na huɗu, mama ya fashe ya zama gyambo, wani lokacin ya haura huhu, ko hanta, ko ƙashin baya. An yi shekara guda ko biyu ana zagaye tsakanin mai sassaƙe da mai sakiya, sai da ƙasa ta ƙure aka taho asibiti. Idan irin wannan ta rasu bayan wata huɗu, unguwa sai ta ce wuƙar likita ce. Ta gaba da ta ji ƙululu sai ta ƙi zuwa, ita ma sai ta makara, a sake samun wata hujjar. Haka abin yake ta juyawa tun kafin in fara aiki.

Wani abin kuma ya fi wannan ci mini rai. Wadda daji ya kashe, duk unguwa an san abin da ya kashe ta, domin an yi wata da watanni ana sintirin dubiya. Wadda ta tashi kuwa, sai ta zura hijabinta ta koma makarantar da take koyarwa ko ɗinkinta, ta kama bakinta. In an tambaya ta ce ɗan ƙari ne aka cire mata. Tana tsoron gorin kishiya, tana gudun kallon tausayi, uwa uba tana tsoron a ce 'ya'yanta 'yan gidan masu daji ne, maneman aure su janye. Ni da ke riƙe da fayil-fayil na san mata da yawa da suka haura shekara 5, wasu 10, suna zuwa mana sau ɗaya a shekara su koma harkokinsu. Maƙwabtansu ba su sani ba. Don haka a idon unguwa, ba a taɓa yin wadda ta tsira ba.

Ba ina rage girman ciwon ba ne. Ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna sama da mutum 120,000 ne suka kamu da daji iri-iri a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, kuma sankarar mama ce a kan gaba da mata sama da 30,000. Amma hukumar ta kuma nuna cewa a ƙasashe masu wadata, cikin mata 100 da aka gano suna da sankarar mama, sama da 90 suna nan da ransu bayan shekara 5. A Indiya 66, a Afirka ta Kudu 40. Ciwo iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne yaushe aka gano, da ko an samu magani an kai shi ƙarshe. Shi ya sa a 2021 hukumar ta fito da shiri na musamman a kan sankarar mama, da burin a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, sannan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka fara magani su ƙarasa shi.

A wannan na ƙarshen ne Hajiya ta kusa kuɓuce mana.

Alhaji ya tsaya kai da fata aka yi aikin, Allah ya saka masa, domin na ga mazan da suka sulale daga ranar da aka ambaci tiyata. Wuri ya warke, aka yaye yaro dole, aka fara kemo: ƙarin ruwa sau shida, bayan kowane mako uku, kuma kafin kowanne sai an auna jini an ga ko jiki zai ɗauka. Cikin magungunan akwai wani ja, marasa lafiyarmu suna ce masa zoɓo, har fitsari yakan rina kwana ɗaya ko biyu. Mako biyu da 'yan kwanaki bayan na farko, ta zauna tsefe kai sai kitso ya biyo hannunta. Ƙamshin miya ya koma mata wari, bakinta ya yi gyambo, farcenta ya yi baƙi. Bayan na uku sai ta ɓace. Ranarta ta zo ba ta zo ba, na kira waya ba a ɗauka ba, sai a kira na huɗu 'yar yarinyar nan ta ɗauka a ɓoye ta ce, "Anti, Umma ta ce ta gaji, wai tunda an cire ciwon me ya rage."

Wannan tambayar kusan kowace mace sai ta yi ta, kuma tambaya ce ta mai hankali. Da ta zo, Alhaji ya ɗauko ta ranta a ɓace, ban kawo mata Turancin likita ba. Na san 'yar manoma ce, sai na tambaye ta game da ciyawar wuta-wuta. In ta fito a gonar dawa aka tuge ta tas, shi ke nan an rabu? Ta ce ina, ai irinta kamar ƙura yake, yana nan kwance cikin ƙasa, sai wata daminar ya tashi. Na ce to wuƙa ta tuge abin da ido ya gani, ruwan nan da take ƙi shi ke bin jini yana neman irin da ya zube. Ba ta ce komai ba, ta miƙo hannu. Ba zan ce maganata ce kaɗai ta yi aiki ba. An canza mata maganin amai, ƙanwarta ta tare a gidan ta karɓi girki, kuma wannan ma magani ne da ba a rubutawa a kati.

Daga nan sai gashin wurin aikin da inji, wanda ya kai ta wani gari, domin injinan a ƙasar nan ana ƙirga su ne da yatsu. Mako biyar, Litinin zuwa Juma'a, mintoci kaɗan kowace rana, amma sai da ta yi kusan wata biyu a ɗakin wata 'yar uwa saboda injin ya tsaya a tsakiya. Sarƙarta da 'yan kunnen gwal sun tafi, wani fili ma ya bi su. Maganar kuɗi ita ce ba ni da bakin rarrashi a kanta. Abin da zan iya cewa shi ne a yi tambaya kafin a fid da rai. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza, aka soma shi a asibitoci shida, cikinsu har da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ba ya isar kowa, amma manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, kuma wanda bai ƙwanƙwasa ba ba a buɗe masa.

Mu ma'aikatan wannan sashe muna rowar kalmar "warkewa". Mun fi cewa ba mu ga alamar ciwo ba. Mutane suna jin an ce shekara 5 sai su ɗauka wata katanga ce, da an haura shi ke nan. Gaskiya ne haɗarin dawowa yana raguwa sosai, amma irin sankarar Hajiya, wadda sinadarin jikin mace ke ciyarwa, takan iya waiwayowa bayan shekara 10 ko fiye. Don haka aka ɗora ta a kan ƙwayar tamoxifen, guda ɗaya kullum, har shekara 10. Ta sha fama da zufa da zafin jiki cikin dare, ta ce ko a sanyin hunturu da mafici take kwana. Mai shan wannan ƙwaya in ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan al'ada ta ɗauke, ta garzayo a duba mahaifa. Duk wadda ta taɓa yin ciwon kuma, ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, ko tari mai naci, ko ciwon kai da bai saba ba, ko rama ba dalili, ko sabon ƙululu, ba abin jiran ranar kati ba ne. Hajiya ta gaya mini har yanzu daren da za ta zo a duba ɗaya maman ba ta barci. Shekara 12, ba ta taɓa tsallake ranarta ba tun bayan wancan gudun.

Da muka zauna a ofis sai ta kawo ƙarar da ta taho da ita a ƙarƙashin naman suna. Mai jego tana gida wajenta, haihuwar fari ce, kuma Hajiya ta rantse ita za ta yi wa 'yarta wanka da hannunta. Kwana tara tana sauke tukunya tana ɗaga bokiti, hannun hagu ya kumbura har awarwaro ya ƙi fita. Wannan shi ne ladan cire kaluluwar hammata: hanyar da ruwan jiki ke bi ta koma ta ragu, sai ya taru a hannu, kuma yana iya tasowa ko bayan shekaru. Na auna hannuwan biyu da awo, na nuna mata bambancin. Na ce aikin da hannun bai saba ba kar a ɗora masa shi rana ɗaya, ta bar wa 'yan mata ɗaukar ruwa, ta kiyayi ƙuna da yanka a wannan hannun domin ƙaramin rauni yakan zama babban ciwo, ta riƙa ɗora shi a kan filo in ta kwanta, ta koma ga safar hannu mai matsewa da ta jefa a ƙasan akwati. In ya yi ja ya ɗau zafi, ko zazzaɓi ya biyo, a zo a ranar. Na tura ta wajen masu gashin ƙashi. Tunda kuma an zo maganar wanka, na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba: ruwan ya zama mai ɗumi ba tafasasshe ba, kunun kanwa kuma a sassauta, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ta ce, "Ke dai Sista ba a zo miki da nama a tafi lafiya."

Sai ta rage murya ta ce akwai wata. Ta gwada goya jaririyar, zani ya ƙi zama, yana zamewa ta ɓangaren da babu. Ta ce tun da aka yi aikin ba ta yi kukan rashin maman nan ba irin na wannan rana, ita kaɗai a ɗaki, jaririya a kan gado. Ban taɓa karanta wannan a littafin makaranta ba. Amma mata ba su rasa dabara. Ta ɗinka wa rigar mamanta aljihu, ta yi ɗan matashi da auduga ta zuba gero kaɗan don ya yi nauyi, ta ɗaura zani ta bi da majanyi ta ja shi sama kaɗan da inda aka saba. Ta tashi tsaye a ofis ta nuna mini yadda ake yi da gyalenta, ni kuma na roƙi izinin koya wa wasu.

Na tambayi lafiyar mai jego. Hajiya ba ta kama sunanta, 'yar fari ce, sai dai "yarinyar nan". Na ce in an yi arba'in ta turo mini ita, domin wadda mahaifiyarta ta yi sankarar mama tun ba ta kai 40 ba, ya kamata ta zauna da likita a tsara mata lokacin fara bincike, ba sai ta jira shekarun da ake ce wa sauran mata ba. Ba hukunci ba ne a kanta. Cikin masu wannan ciwo 100, kamar 5 zuwa 10 ne kawai nasu ya zo ta hanyar gado, kuma ba a ɗaukarsa ta kwano, ko shimfiɗa, ko ruwan nono. Shayarwa ma tana cikin abubuwan da ke rage wa mace haɗarinsa. Sai dai tarkon da ya kusa kama Hajiya yana nan yana jiran kowace mai goyo. Yawancin ƙululun da mai shayarwa ke ji nono ne ko ƙurji, amma wanda ya wuce mako biyu bai baje ba, ko fata ta yi kamar bawon lemo, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fid da jini, ko kaluluwa ta fito a hammata, sai an gani. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce. Sankara takan fara ne shiru. Sikanin ba ya cutar da ciki ko goyo, allurar gutsuro nama kuma ba ta watsa daji. In kunyar likita namiji ce, a nemi mace, muna nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kishiyar kuwa, na ce in Allah ya kai ta shekara 9 a kai ta a yi mata rigakafin sankarar bakin mahaifa. Wannan wani dajin ne daban, ƙwayar cuta ke jawo shi, kuma tun watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kyauta, sau ɗaya tak. Hajiya ta ce in dai tana raye ita za ta riƙe mata hannu.

Da za ta fita sai ta tsaya a kan bencin. Akwai wata matashiya da aka ba ranar aiki sau biyu tana ƙin zuwa, ranar ma yayanta ne ya tilasta mata. Ban haɗa su ba, ban isa in faɗa wa wani ciwon wani ba. Hajiya ce ta dube ta, ta gane irin zaman, ta zauna kusa da ita ta miƙa mata tsoka ɗaya. Na ji tana cewa, "Ƙanwata, wane ɓangaren ne naki?" Can sai na ga ta kamo hannun yarinyar ta cusa ƙarƙashin hijabinta ta ɗora a ƙirjinta na hagu. "Taɓa ki ji. Gero ne da auduga. Shekara 12. Na aurar, ga shi na yi jika." Matar da ta shekara tana ce wa maƙwabta ƙari aka cire mata ke nan. Sun fi rabin awa suna magana ƙasa-ƙasa, har suka yi musayar lamba. Ranar Alhamis ta sama na ga sunan yarinyar a jerin waɗanda aka kwantar.

Na raka Hajiya bakin ƙofa. Ta ce ta manta ba ta gaya mini ba, ranar suna ta sha zoɓo, kofi guda cur, karo na farko tun wancan jan ruwan. Da ko a hannun yaro ta hango shi sai zuciyarta ta tashi. Ta ce in an yi arba'in za ta kawo mini kishiyar in gani. Na ce kar ta shigo da jaririya cikin sashen nan, ta tsaya a gindin darbejiyar da ke bakin get ta kira ni, zan fito. Na kuma tuna mata ta taho da katinta, watan dubata ke nan.